Taku Goma Sha Tara

Daga bakin rijiya zuwa gindin gwanda
taku goma sha tara ne.
Shekara tara ina gidan nan ban sani ba,
sai da aka ce kowa ya zauna inda yake.
Yanzu kullum bayan asuba nakan auna shi sau hamsin,
har gwiwa ta daina ƙara.
Barira na biye da ni tana ƙirgawa,
tana tsallake bakwai, wai ba sa shiri da bakwai.

Titin Samaru ya yi tsit.
Babu ɗan acaɓa, babu mai ihun Kwangila, Kwangila,
har kukan kurciya nake ji daga itatuwan jami'a.
Ɗaliban da ke layin ƙosaina sun watse garuruwansu.
Kaskon na jingine a bayan ɗaki,
gizo-gizo ya kama haya a ciki, bai biya ko sisi ba.

Tanimu yana Shika.
Ba kwance ba, na gode Allah, aiki yake,
shi ke tura gado daga wannan ɗaki zuwa wancan.
In ya dawo ba ya shigowa.
Ya shimfiɗa tabarma a shagon ƙofar gida,
kwanonsa daban, butarsa daban, sabulunsa daban.
In ajiye tuwo a bakin ƙofa in ja da baya
kamar mai kai wa suruki abinci.
Da dare ya kira ni a waya,
sai in ji muryarsa sau biyu,
ɗaya a kunne, ɗaya ta bango.

Keken ɗinkin da aka kawo ni da shi
na kaɗe masa ƙura, na ɗiga masa mai.
Da fari ya yi gardama, daga baya ya tuna ni.
Ƙyallayen atamfar da na ƙi zubarwa
duk sun zama takunkumi.
Na Yahuza rabin tsuntsu ne a jiki,
in ya yi magana fiffiken na motsi.
Nakan zuba goma a guga in miƙa ta katanga,
Maman Nkechi ta dawo da gugan
da manja a ciki, wani lokaci da labari.

Buhun siminti huɗu na cika da ƙasa da kashin awaki.
Ruwan farko ya sauka daren Laraba.
Alayyahu ya fito, rama ta fito,
tumatir ya ce sai ya yi shawara.

Inna tana cikin birni, can bayan Ƙofar Doka.
Na ce, Inna, a riƙa wanke hannu.
Ta ce tun kafin a haifi mai faɗa a rediyo
take alwala sau biyar, in kama kaina.
Amma na ji ƙarar famfo kafin ta kashe.

Ba kullum nake jaruma ba.
Ranar da Kawu Ilu ya rasu
a waya na yi ta'aziyya,
kati ya ƙare ina tsakiyar Allah ya jiƙan,
sauran na ƙarasa wa bango.
Ranar ban taka ko ɗaya ba.
Na zauna kan turmi har la'asar ta yi sanyi,
yara suka ci garin kwaki ba wanda ya yi ƙorafi,
wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Jiya da tsakar dare na ji tari daga shago.
Na tashi zaune, na riƙe numfashi, ina ƙirgawa.
Ɗaya. Biyu.
Waya ta yi haske:
yajinki ne, ki koma barci.

Ban koma ba.
Na fita tsakar gida ba takalmi,
ƙasa na da sauran danshin ruwa.
Daga ƙofata zuwa ƙofarsa taku shida ne.
Na yi biyar, na tsaya.